Ƙugin da Ba na Boris Ba: Nazarin Wata Highlander da Aka Canja wa Salansa a Gombe

Kafin in ga motar na ji ta. Da hantsi ne, ƙarshen damina, ta shigo garejinmu da ke kan hanyar Dukku tana gurnani kamar tifar yashi, har yaran da ke kwance taya suka ɗago kai.

Toyota Highlander ce ƙirar 2008, shigowar Amurka, mai fulogi shida. Mai ita abokin mahaifina ne tun suna samari, shi ya sa Baffa nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana. Hatsi yake saye da sayarwa, kusan duk mako yana kan hanyar Bauchi, ga kuma gona a wajen Dadin Kowa. Ni aikina binciken mota da na'ura, abin da ake kira sikanin, kuma galibi mota ba ta zuwa hannuna sai ta sha yawo a wasu hannayen.

Wannan ma ta sha. Ƙorafin Baffa shi ne da zarar ya hau babban titi ya kai gudun 100 zuwa 110, sai wani ƙugi mai nauyi ya cika motar, wanda ba a kunne kawai yake tsayawa ba, har cikin ƙirji da ƙoƙon kai ake jin sa. Bakanike na farko ya ce boris ɗin tayoyin baya ne, wato ƙarafan da taya ke juyawa a kansu, aka canja duka biyun, ƙugi na nan. Na biyu ya ce tayoyin ne suka cinye ta gefe ɗaya, aka yi balansin da alaimen, ƙugi na nan. Na uku ya ce giya ce ta fara mutuwa, a nemo Beljiyam. A nan Baffa ya ja birki.

"Injiniya, an ce giya ce. Jona mata kwamfutar nan taka, kafin in zuba kuɗin buhunan masara a abin da idona bai gani ba."

Na jona. Babu lambar matsala ko ɗaya, a injin ko a giya, wutar cek ma ba ta kunne. Sai na tambaye shi yaushe ƙugin ya fara, kuma me aka taɓa a motar kafin nan. Ya ce ba a taɓa komai ba. Can ya nisa ya ce, "Sai dai salansa. Amma ita sabuwa ce fil, ba ta fi wata biyu ba."

Yadda aka kai ga canjin

Salansar asali mutuwar tsufa ta yi. Motocin da suka zauna a jihohin arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, suna zuwa mana da tsatsa a ƙarƙashi ko da jikin na sheƙi. Ta ciki ma tsatsar na ci. Duk litar fetur da injin ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda, tururi, kuma idan tafiyar gajera ce, daga gida zuwa kasuwa, tukunyar salansar ba ta yin zafin da zai ƙafar da shi, sai ya kwanta a gindinta. Shi ne ruwan da kake gani yana ɗiga daga bakin salansa da safe. Shekara goma sha biyar ana haka, ƙarfen ya zama kamar ɓawon ƙwai. Rannan a hanyar gona, cikin taɓo, ƙasan motar ya daki dutse, tukunyar ta dare ta gefe.

Niyyar Baffa a nemo masa irinta. Babban ɗansa, wanda ke jami'a kuma shi ke jan motar idan ana hutu, ya kawo wata shawarar. Ya ga bidiyoyi a waya cewa akwai salansar 'yan tsere, sifot, wadda ke buɗe wa injin numfashi, ƙarfi ya ƙaru, shan mai ya ragu. Maganar ƙarfi ba ta dami Baffa ba. Maganar mai ce ta kama shi, kuma ban ga laifinsa ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, duk mai injin lita 3.5 ya zama mai kasa kunne ga kowa ya ce masa ga dabarar rage shan mai.

Aka yi odarta daga Legas ta WhatsApp, aka sako ta a motar haya. Fara tas, tana ɗaukar ido, bakinta inci 3, an buga mata sunan wani kamfanin Amurka a jiki, alhali kuɗinta bai kama ƙafar na ainihin kayan ba, ɗinkin waldarta ma ya isa shaida. Yaron ya kai motar wurin wani mai walda da safe, ya tafi sabgoginsa, ya dawo da la'asar ya karɓa. Ranar farko kowa ya yaba. A tsaye, idan an taka totur, murya ce mai daɗi, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Gwaji a kan titi

Na ce Baffa ya ja, ni in zauna a baya. Muka fita ta hanyar Bauchi har inda titin ya miƙe. Ƙasa da gudun 80 babu komai sai hayaniyar salansa. Da allura ta wuce 95 sai ƙugin ya fara taruwa, a 105 ya cika. Ni idona ba a kan allurar gudu yake ba, yana kan ta juyin injin, wadda ke zaune a wajen 2,000.

"Baffa, sauko da ita giya ta huɗu, amma kada ka rage gudu."

Juyin ya haye wajen 2,700. Ƙara ta ƙaru, amma ƙugin nan mai danne ƙirji ya ɓace. Da ya mayar ta biyar, ya dawo. Na ce ya ɗage ƙafa daga totur, motar na ci gaba da gudunta, nan take ya lafa.

Wannan ya wanke boris, ya wanke tayoyi. Su da gudun taya suke tafiya: muddin motar na kan 105, boris ɗin da ya lalace zai yi kukansa ko wace giya aka sa, ko an taka ko an ɗage, kuma yakan canja murya idan an karkata sitiyari. Abin da ke bin juyin injin da nauyin da aka ɗora masa, daga injin yake ko daga hanyar hayaƙinsa. Da muka dawo gareji na sa giya a fakin, na riƙe juyin a 2,000. Ƙugin ya bayyana, bai kai na kan titi ba, amma shi ne. Motar da ko motsi ba ta yi, ina hujjar zargin giyarta? Duk gwajin bai ci minti ashirin ba, kuma ba ya buƙatar na'ura. Abin da ya ba ni haushi ke nan idan na tuna boris biyu masu lafiya da aka jefar.

Abin da muka tarar a rami

Yadda motar ta fito daga masana'anta, kowane ɓari na injin yana da manifol, wato bututun da ke tattaro hayaƙin silindoji, haɗe da matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar da ba a dafa ba. Bututun biyu su haɗe su zama ɗaya, sai indomi na uku a ƙarƙashin mota, sai tukunya babba da ƙarama, sai baki da ya kai gefen bamba. Duk a rataye da robobi, babu inda ƙarfen salansa ke taɓa ƙarfen mota.

Mai walda ya yanke tun daga bayan mahaɗar bututun biyu har ƙarshe. Tukwanen biyu sun tafi. Ya jona fayif mai inci 3 da na asali wanda bai kai haka kauri ba, ya cike giɓin da walda kumbure-kumbure kamar gidan zanzaro. Robobin baya ba su dace da sabuwar tukunyar ba, sai ya lanƙwasa rodi ya walda shi kai tsaye a jikin mota. Bakin salansar kuma bai fito ba, ya tsaya a ƙarƙashi kusan taƙi guda kafin bamba, daf da sifiyar taya da ke rataye a wurin, har robar bamba ta ciki ta fara narkewa. Inda indomi na uku ya kamata ya kasance kuwa, babu komai sai fayif.

Baffa ya tattare babbar riga ya sauko ramin da kansa. Bai ma san akwai wani abu a wurin ba sai da na nuna masa zanen motar a waya. Ya ce to me ya sa wuta ba ta kama ba? Motar tana da sensa huɗu a hanyar hayaƙi, biyu kafin indomin manifol, biyu bayansu. Da indomin manifol ɗin aka fasa, da cikin 'yan kwanaki wutar cek ta kunnu da lambar P0420 ko P0430, wato matatar ba ta aiki. Na ukun babu sensa a bayansa, babu mai gadinsa. Wanda ya yanke ya san wanne zai ɗauka.

Daga ina ƙugin yake

Lissafin ba shi da wuya. A injin mota kowace silinda tana fashewa sau ɗaya a juyi biyu. Silinda shida, fashewa uku ke nan a kowane juyi. Juyi 2,000 a minti ya ba ka fashewa 6,000 a minti, wato 100 a daƙiƙa. Sau ɗari a kowace daƙiƙa ana harbo dunƙulen iska mai zafi cikin bututun nan. Sauti mai bugu 100 a daƙiƙa sauti ne mai kauri, irin na tambarin fada, kuma irinsa ya fi kowane wuyar kashewa.

Tukunyar asali ɗakuna ce a ciki. Hayaƙi ya shiga, ya ratsa bututu mai huji, ya juya, ya dawo, sannan ya fita. Girman ɗakunan an lissafa shi ne da wannan injin da wannan gangar jikin, yadda amon da ya daki bango ya dawo zai yi karo da mai zuwa su kashe juna, musamman a juyin da mota ke zama a kansa a doguwar tafiya. Girmanta ba ado ba ne, sauti mai kauri sai wuri mai faɗi. Sifot kuwa bututu ɗaya ne miƙaƙƙe mai huji, an naɗe shi da audugar gilashi ko zaren ƙarfe, ka leƙa ta wannan baki ka ga haske ta wancan. Audugar tana shanye siririn sauti mai kaifi, ta bar mai kaurin ya wuce abinsa. Shi ya sa daga waje take da daɗin ji. Kamfanonin da suka yi suna a harkar, irin su Borla da MagnaFlow, suna da cikakken saiti da aka auna wa ƙirar mota ɗaya tak, daga bututu har maratayi, kuma wannan daban ne da tukunyar gama-gari da ake walda wa kowace mota.

Sai kuma jif ɗin kanta. Ƙaramar mota tana da but, tana da bango tsakaninsa da mutane. Jif ɗaki ɗaya ce daga dashbod har ƙofar baya, ganga ce babba. Aka zo aka ƙara da rodin da aka walda a jikinta, duk karkarwar salansa ta samu gadar shiga kai tsaye. Ɗora wayarka a kan farantin silba tana ruri, za ka ji abin da nake nufi.

Ƙarfin da aka yi wa Baffa alkawari fa? Toyota ta ce wannan injin yana ba da ƙarfin doki 270 a juyi 6,200. A can sama ne, totur a ƙasa, hayaƙi ke yin yawan da tukunya za ta iya zame masa cikas, kuma a can ne sifot mai kyau za ta iya ƙara ɗan abin da ba a rasa ba. Baffa ba ya wuce 3,000 sai zai wuce tirela. A juyi 2,000 ƙafar direba ce ke taƙaita numfashin injin, ba salansa ba. Fayif mai faɗi fiye da ƙima ma yana rage saurin hayaƙi, alhali saurin ne ke taimakawa wajen zuƙo ragowar hayaƙi daga silinda. Wannan ne makanikai ke kwatantawa idan suka ce injin na son a ɗan toshe shi. Ba toshewa yake so ba, gudun iska yake so.

Fetur kuma biren bos, wato kwamfutar motar, ke raba shi, tana riƙe da ma'aunin iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, tana gyarawa da abin da sensa ta gaya mata. Tukunyar da ke can baya ba ta da ta cewa. Amma Baffa ya rantse shan mai ya ƙaru, kuma gaskiyarsa. Da na matsa sai ya amsa cewa don guje wa ƙugin yakan haye 125 zuwa 130, ko ya bar ta a giya ta huɗu. Turjiyar iska ba ɗaya bayan ɗaya take hawa ba, ninkin gudu a kan kansa take bi: daga 105 zuwa 130 ta ƙaru da wajen rabi. Yaron kuma, wanda ya sayi murya, ai sai ya taka ya ji ta.

Maganar da ta zo a ƙarshe

Muna fitowa daga rami Baffa ya ce, kamar da wasa, Hajiya ma ta daina son shiga motar. Tafiya biyu zuwa Bauchi, ƙananan yara biyu da ke zama a kujerar can baya sun yi ciwon kai da amai. Kafin a kai Alkaleri sun fara lanƙwamewa, amma in an isa aka sauka, bayan awa guda sun warware suna guje-guje. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro duk sau biyun.

Gabana ya faɗi. Na buɗe ƙofar baya. Robar da ke zagaye da ita ta yage a kusurwar ƙasa, daidai ɓangaren salansa, kuma a kan fenti, ta cikin robar, ga baƙin hayaƙi ya kwanta, na shafa ya biyo yatsana. Muka sassauta bamba. A bayansa akwai 'yan tagogi masu marfin roba da ke barin iska ta fita idan an rufe ƙofa ko an kunna fanka. Marfin ɗaya ya bushe ya sandare a buɗe.

Duk wanda ya bi hanyar ƙauye da jif ya san gilashin baya ke fara cika da ƙura. Mota mai yankakken baya tana barin rami a iska idan tana gudu, iskar ta riƙa murɗawa tana komowa jikin ƙofar. Abin da ke dawo da ƙura shi ke dawo da hayaƙi. Shi ya sa masana'anta ke kai bakin salansa inda iskar gefe za ta kwashe shi. An bar shi a ƙarƙashi, ga yagaggiyar roba, ga taga a buɗe. Bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. A zafin Gombe kowa esi ɗinsa a kan juya iskar ciki yake, wanda ba ya turo sabuwar iska da za ta tokare ta waje. Sassauta gilashin gaba kaɗan ma ƙara zuƙowa yake daga baya.

Abin tsoro a hayaƙi shi ne kabon monoksaid, ba launi, ba wari, kuma jini ya fi kama shi a kan iskar oksijin fiye da sau 200. Shi ne ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareta. Alamunsa na farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Indomi mai lafiya yana ƙone mafi yawansa, amma idan an danne totur, a hawa ko wajen wuce babbar mota, biren bos tana ƙara fetur fiye da ma'auni, iskar ƙonawa ta gaza, ya fita da yawa. Ga indomin gaba sun tsufa, ga na uku an ɗauke.

Ba a nan kaɗai ake gamuwa da irin wannan ba. A 2016 NHTSA, hukumar Amurka mai kula da amincin motoci, ta buɗe bincike kan ƙorafin warin hayaƙi a cikin Ford Explorer, ta rufe shi a Janairun 2023 ba tare da ta sa a janye motocin ba. Cikin abin da ta gano har da huji da giɓin da aka bari a bayan mota wajen ɗaura wa motocin 'yan sanda kaya, da gyaran da aka yi bayan haɗari.

Na ce, "Baffa, ƙugi zai iya jira, wannan ba zai jira ba. Kada yaran nan su sake shiga sai mun gama."

Gyaran

A ranar muka yanke rodin, muka mayar da maratayi na roba, muka ƙara wa bakin tsawo ya fito gefen bamba yana kallon ƙasa, aka canja robar ƙofa da marfin taga. Cire rodin kaɗai ya rage karkarwar da ake ji a kujera.

Washegari yaron ya zo da kansa. "Hamma, don Allah a bar tukunyar. Kuɗi aka zuba, kuma ni na kawo shawarar." Na ga kunyar da ke cin sa, na ce mu gwada wata dabara da masu wannan harka ke yi. Ana walda wani fayif a gefen babban bututu, ƙarshensa a rufe, hayaƙi ba ya bi ta ciki, sauti kaɗai ke shiga ya daki ƙarshen ya dawo. Idan tsawonsa ya yi daidai, sai ya dawo a lokacin da zai ci karo da bugun da ke tafe su soke juna. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iskar da ba ta da zafi, a iska mai zafi ya doshi 400. Raba 400 da bugu 100, mita huɗu. Kwatansa ake so, wato mita guda. Muka lanƙwasa shi kamar sandar makiyayi don ya samu wuri.

Ta yi aiki, har na ji daɗin kaina. A juyi 2,000 ƙugin ya faɗi ƙwarai. Sai dai dabarar bugu ɗaya take kashewa, wanda aka auna mata. A wajen 1,600, juyin yawon cikin gari, akwai saura. Fayif ɗin kuma ya sauko ƙasa fiye da yadda hanyar gona za ta yarda. Ga tashin asuba: injin mai sanyi da juyi sama yake farawa, har wani maƙwabci ya ce wa Baffa tun da ya sayi salansar nan unguwa ta huta da jiran ladan. Abin da ya yanke hukunci ta'aziyya ce a Kumo. Ya iso ana zaune a tabarmi ana addu'a, kowa ya waiwayo.

"Injiniya, ni dattijo ne. Nemo mini irin tawa."

Daga Ƙofar Ruwa a Kano aka samo Beljiyam, daga tukunya babba har baki, wadda aka kwance daga mota irinta. Kafin a biya na sa wanda ya je ya jijjiga ta, in an ji kacau-kacau bangon ciki ya saki, in an ji kamar yashi tsatsa ce. Ya ƙwanƙwasa gindinta da guduma, ya duba maratayi da bakin da ake ɗaurewa da noti. Da ta iso sai da muka nemo guntun fayif mai kaurin asali muka maye inda aka yanke, aka sa sabon gasket. Muka tayar, na toshe bakin da tsumma na ɗan lokaci, yaro na bin ɗinki yana sauraren inda zai yi tsaki. Babu.

Muka koma hanyar Bauchi. A 105 muna hira ba mai ɗaga murya. Na ce Baffa ya cika tanki, ya je Bauchi ya dawo, ya sake cikawa a famfo ɗaya. Ya ce ta koma shan da ya sani. Yaran sun yi tafiyar sau uku tun daga nan, barcinsu suke yi su tashi su nemi abinci.

Indomin

A saƙar tangaran da ke cikin indomi akwai ɗan shafen ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom. A 2021 farashin rodiyom ya haura dala 25,000 a kan oza ɗaya, wato giram 31. Dalilin da ya sa ake da masu yawo gareji gareji suna tambayar indomi ke nan.

Mai waldan ya ce toshewa ya yi, taimako ya yi ya cire, kuma 'yan gwangwan sun kwashe da sauran tarkace. Indomi yana toshewa, gaskiya ne, amma yana da alama: mota ta kasa hawa tudu, a taka ta ƙi karɓa. Yana kuma da gwaji, a kwance sensa a ɗaura agogon auna matsi a gurbinta. Motar Baffa ba ta taɓa nuna alamar ba, ba a kuma yi gwajin ba. Ni dai a ganina yaron ma yana da kasonsa, ya bar mota wuni guda bai tsaya ba, bai kuma ce a zuba masa abin da aka cire a but ba. Aka kai magana gaban shugaban masu walda na layin. Bayan doguwar muhawara mutumin ya yarda zai biya wani abu kashi-kashi. Ya kawo sau biyu, Baffa ya ce ya yafe sauran.

Har yau gurbin fayif ne. Baffa ya ce sai ya sayar da wake, kuma na riga na gaya masa ranar da za a sayo sai an haska cikinsa da tocila an ga saƙar, don fanko ma ana sayarwa. Farar tukunyar kuwa tana kan kantar shagona, yaron ya ce in sayar masa da ita. Wani matashi mai Honda ya zo sau biyu yana tayawa. Na ce masa ya fara kai ni hanyar Bauchi in ga a wane juyi motarsa ke zama.